Jakin Malam Lawwali

A shekarar 1987 kwamfuta ta shigo Illela, kuma ni Hamidu a gabana aka buɗe kwalinta, don haka kada wani ya zo ya ƙara muku gishiri. Abokin aikina ne ya kawo ta, Malam Lawwali, malamin lissafi a firamarenmu. Siriri ne, yana da wata doguwar hula da ba ya cire ta ko a filin ƙwallo. Kwas ya je Sakkwato na wata uku, ya dawo rungume da kwali yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Abin da ke ciki bai kai tiren mai shayi girma ba, ɗan akwati ne baƙi mai maɓallai. Sai an jona shi da talabijin baƙi-da-fari da rikoda, domin darasin a kaset yake. A kunna kaset ɗin ya yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, minti biyar cur, sannan hoto ya fito. Malamarsa ta kwas, Malama Safiyyatu, ita ta ba shi aron injin na zango ɗaya. Sharaɗinta biyu ne. Na farko, ya tambayi masu amfani da darasin ra'ayinsu ya rubuta, musamman abin da bai yi kyau ba. Na biyu, za ta zo ƙarshen zango ta duba, in yara sun ƙaru da ilimi ta bar wa Illela injin, in ba su ƙaru ba ta kai shi wani gari.

Darasin kuwa Lawwali ne ya tsara shi da hannunsa, layi bayan layi. Awaki za su jeru a talabijin, yaro ya ƙirga ya danna lamba. In ya dace, sai ɗan rubutu ya fito a ƙasa: DAIDAI. In ya kuskure, sai jaki ya faɗo daga gefe, ya kaɗa kunnuwa, ya yi harbi da ƙafafun baya, ya yi kuka sau uku. Mako biyu Lawwali ya yi yana zana jakin nan, wai don yaro ya ji kunya ya gyara.

Ko kwabo bai karɓa ba. Bayan la'asar yake shimfiɗa tabarmi a zauren gidan kawunsa, wani tela maƙwabci ya ja masa waya daga janaretansa, duk yaron da ya zo ya shiga layi. Wayyo, ku zo ku ga Illela a makon nan! Yara har kan katanga. Ranar kasuwa mutanen Araba da Gidan Katta sukan ajiye kayansu su kawo 'ya'yansu su ga awakin da ba sa cin dusa. Wata tsohuwa ta zagaya bayan talabijin tana neman inda ake ɗaure su. Lawwali kuwa bakinsa ba ya rufuwa, har a sahun salla sai ka ga yana murmushi shi kaɗai.

Injin yana riƙe lissafin amsoshi, kuma a nan murmushin ya fara tsinkewa. Makon farko, bakwai cikin goma daidai. Mako na uku, huɗu. Da aka kai mako na shida, ɗaya tak cikin goma. Yara suna ƙaruwa, dariya tana ƙaruwa har ana jin ta daga bakin tasha, amma ƙirga tana komawa baya. Yaran da suka zo da iya ƙirga bakwai, yau akuya uku ta gagare su.

Sai ya shiga neman ra'ayi. Ya kwafi takardu arba'in da hannunsa, kowace da tambaya biyu: me ya yi kyau, me bai yi kyau ba. Ya raba wa iyaye. Takardun suka dawo cike da addu'a, wasu da boko wasu da ajami. Wani malamin zaure ya cika gaba da baya, ya roƙa masa gidan Aljanna da zuri'a ɗayyiba. A ƙarƙashin tambaya ta biyu, mutum talatin da tara sun rubuta "babu", ɗayan ya rubuta "Allah shi kiyaye".

Ya tare iyaye a ƙofar masallaci. "Don Allah ku hwaɗi mani gaskiya, ina aibin abin nan?"

"Madalla, Malam! Allah shi saka da alheri."

Ya durƙusa gaban yara ya sassauta murya. Suka sunkuyar da kai suna wasa da yatsun ƙafa. "Lahiya lau, Malam."

Kada ku ga laifinsu. A garinmu yaba kyauta tukuici ne, kuma mutumin da ya ba ka abu don Allah ba ka duban idonsa ka ce abin nan ya karkace. Ni kaina da nake ba ku labari, ya tambaye ni sau uku na ce masa madalla. Alhali ran nan da ya fita alwala na zauna gaban injin, na ga awaki biyar, na danna takwas. Me ya sa? Za ku ji.

Saura kwana huɗu Malama Safiyyatu ta zo, na same shi a zaure da hantsi ya zuba wa takardun ido, hularsa ta karkace bai ma sani ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san ransa na kan injin nan. Muna zaune sai ga Ramatu ta shigo gaida mahaifinta da kwanon masa a kai. Ramatu 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, masa take soyawa a kasuwa, kuma 'yarta Ummu tana aji biyu a wurinmu. Wanda ya san taubasai ya san babu kara a tsakaninsu. Duk abin da ɗaya ya ga dama zai yaɓa wa ɗaya a bainar jama'a, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

"Bawana," in ji ta, "mi yas same ka kay yi zugum kamar kazar da ruwa yad daka?"

Ya ba ta labari duka, ya miƙa mata takardun. Ta sa aka karanta mata uku, ta ajiye kwano ta riƙe ciki.

"Kai da kanka kat tambaye su? Kai da kab ba su abin kyauta? Lawwali, wa kat taɓa gani ya ci tuwon sadaka yac ce miya ba gishiri? Boko dai ta cinye maka hankali."

"To ke hwaɗi mani."

"Ni ko? Ni ba ni jin kunyarka, tun kana yawo ba wando nas san ka. Amma ban ga abin ba tukun. In la'asar ta yi, ka shige bayan asabarin can ka yi shiru. Ko tari kay yi, na hwasa."

Haka aka yi. La'asar na yi yara suka cika zaure, ni na kunna injin, Ramatu ta ɗaura gyale a ƙugu ta ce Malam ya ɗan fita, yau ita ce malama. Ta jawo Ummu gaba. Awaki suka jeru.

"Ke, nawa na?"

"Huɗu, Inna."

"To danna."

Ummu ta sa yatsa ta danna tara. Jaki ya faɗo, ya kaɗa kunnuwa, ya yi harbi, zaure ya ɗauki ihu. Yara suna kuka tare da shi, wasu sun dafa ƙasa suna harbin iska da ƙafa.

"Ke 'yar nema! Kin ce huɗu, don mi kid danna tara?"

Ummu ta dubi uwarta da mamaki, wai ashe akwai babban da bai san wannan ba. "Inna, in munka yi daidai ba abin da ka hitowa sai rubutu. Jaki sai an yi kure shi kan zo."

Bakin yara ya buɗe gaba ɗaya. Wannan ya ce duk wanda ya danna daidai ya ɓata wa mutane layi, sai ya koma baya. Wancan ya ce akwai yaron da ya yi daidai sau uku a jere, kwana biyu ba wanda ya yi wasa da shi. Ummu ta ƙara da cewa ai sai sun ƙirga da kyau tukun, don kada mutum ya dace da amsar gaskiya bisa tsautsayi.

Asabari ya yi sama. Lawwali ya faɗo zaure, hula ta yi gefe, yara suka watse har da masu tsallake taga. Na ɗauka faɗa zai yi. Ina! Mutumin nan tsalle yake yana tafi, hawaye na zuba.

"Sun iya! Hamidu, ka ji? Sun iya ƙirga! Ku dawo, don Allah ku dawo!"

Da ƙyar Ramatu ta tattaro su da alkawarin masa. Ta zaunar da shi a tsakiya da littafi da biro, ta ce kowane yaro ya faɗa mata aibin abin, ita kuma ta faɗa wa bawanta, tunda ita ba ruwanta da kunyarsa. Yaro ya raɗa mata a kunne, ita ta ɗaga murya har waje.

"An ce awakinka sun yi kama da kujeru!"

Ya rubuta.

"An ce akuyar ƙarshe ƙahwa uku gare ta, ko kura ta cinye guda?"

Ya rubuta yana godiya.

"An ce kukan kaset ɗinka ya hi na jakin daɗewa. An ce masu tsawo na tare ma ƙanana. Wagga kuma tawa ta: wutsiyar jakin ta yi gajarta, kamar hankalin mai shi."

Shafi goma sha biyu ya cika kafin a kira magariba, ban taɓa ganin mutum yana shan zagi da irin wannan annashuwa ba. Da zai rufe littafi Ramatu ta dafe shi. Ta ce aikinta ba na banza ba ne, tukuicinta ɗaya: a sa wa jakin doguwar hula irin tasa. Ya roƙe ta, ya tuna mata shi malami ne, yara za su raina shi. Ta ce to ya zaɓa, ko hula ko ta bi gida-gida ta ce wa yara su ci gaba da danna tara.

Kwana uku ya yi yana gyara, ko abincin rana a gaban injin yake ci.

Ranar Alhamis motar Malama Safiyyatu ta tsaya ƙofar zaure. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Lissafin amsoshin zangon ta fara dubawa. Ta ga ɗaya cikin goma, ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa, sannan ta ce wa direbanta ya shigo da kwali. Za a tafi da injin ke nan. Lawwali ya roƙe ta ta ba shi tambaya goma kacal.

Ummu ta zauna. Awaki shida suka jeru, kowace da ƙafa huɗu. Ta danna shida. Sai ga jaki ya faɗo da doguwar hula a tsakanin kunnuwa, yana harbi hular na rangaji. Zaure ya kece da dariya. Yaro na biyu ya yi daidai, na uku ya yi, na huɗu ya kuskure, sai ɗan rubutu ya fito shiru: SAKE ƘIRGAWA. Yara suka yi masa ca, ya ƙirga da yatsa ya gyara. Aka wuce goma, aka wuce ashirin, ba wanda ya tuna da tsayawa.

Malama ta dubi jakin, ta dubi kan Lawwali, ta sake duban jakin. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zamo. Da ta nutsu ya miƙa mata littafin. Ta karanta shafi goma sha biyun nan a tsaye. Ta ce makarantu biyar ta ba aron inji, huɗu sun aiko mata da godiya da addu'a, nan kaɗai aka gaya mata abin da za ta gyara. Ta ce wa direba ya mayar da kwali mota, haka nan babu komai a ciki.

Lawwali ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya raka ta har mota, ya buɗe sabon shafi, ya gyara riƙon biro.

"Malama, saura ke. Mi kinka gani bai yi kyau ba?"

Ta yi murmushi ta gyara mayafi. "Madalla, Malam Lawwali. Allah ya saka da alheri."

Biro ya tsaya cak. Ya juyo ya dubi Ramatu kamar zai yi kuka. Ita kuwa ta riga ta sauke kwanon masa daga kai, ta nufi tagar motar.

"Koma ciki, bawana," in ji ta. "Bar ni da ita. Kahin ta kai ga masa ta ukku ka ji gaskiya."