Jan Rubutun Yaya

Aikinta a wani kamfanin sada zumunta shi ne kwashe ƙazanta. Tun takwas na safe take zama a kujera ta goma sha ɗaya, tana kallon abin da 'yan ta'adda suka ɗora a shafukan sada zumunta, tana gogewa. Duk bidiyon da ta goge, na'ura na haddace kamanninsa, ko an sake ɗora shi ba ya kai minti.

Sai ga yayanta, malamin makaranta mai ritaya, ya naɗa kansa kwamandan yaƙi da ta'addanci daga kan kujerar falo. Tunda ya koyi yin rubutu a kan bidiyo aka shiga uku. Duk kisan gillar da ya samu sai ya lafta masa jan rubutu, "Allah ya tsine muku," ya ɗora, ya gyara zama yana jiran yabo.

"Yaya, talla fa kake yi musu kyauta," ta ce masa ranar da ta kai ziyara.

"Ke yarinya ce. Asirinsu nake tonawa."

Wane asiri? Mutanen da suka sayi kyamara takanas don a gan su!

Ranar Talata bidiyon da ta goge sau arba'in ya sake faɗo mata. Jan rubutun Yaya ya sauya masa kamanni, na'ura ta kasa gane shi, ya kwana uku yana yawo. Su kuwa 'yan ta'addan sun kwashe shi yadda yake, da tsinuwar da komai, suna ta rabawa. Ɗayansu har ya rubuta a ƙasa: "Mun gode, Baba."

Dokar aiki ta ce in ka san mai shafi, ka miƙa wa abokin aikin da ke kusa da kai. Na kusa da ita kuwa ba ya tsayawa karatu. Da ya ga jini sai ya danna "mai goyon baya", sunan mutum ya wuce wajen jami'an tsaro. Ta tuna hawan jinin Yaya. Ta san in aka gano ta taɓa shafin yayanta, aikinta ya tafi. Haka ta zaɓi "yaɗawa cikin rashin sani", ta rufe shafin da hannunta, takaici kamar ta fasa kwamfutar.

Kafin a tashi aiki Yaya ya kira, murya fal murna.

"Ƙanwata, kin ji? Sun sa an rufe min shafi! Tsorona suke ji."

"Haka ne, Yaya."

"Ai har na buɗe sabo, na ɗora guda biyu. Ki shiga ki gani."