Tsuntsu Mai Rawayar Ƙirji

Ni ba tsuntsu ne ya kai ni bakin tafkin bayan layinmu ba, tsoro ne. Tun da sanyi ya wuce bishiyoyi suka fara toho, 'yata Auta take bin maƙwabciyarmu, wata tsohuwar malamar makaranta, kallon tsuntsayen da ke yada zango a nan kafin su wuce. Yarinya 'yar shekara takwas a bakin ruwa? Ranar na ce ƙafata ƙafarta.

Muna kan 'yar hanyar Auta ta tsaya cak.

"Malama, mai rawayar ƙirji ya iso!"

Malama ta ɗaga madubin hangen nesa, ta yi dariya. "Wallahi shi ne. Baban Auta, 'yarka ta fi ni kunne. Ni sai na gani, ita da kuka kaɗai take gane su."

Kaina ya kumbura. Ga tsuntsun nan kuwa a kan reshe dab da mu, ɗan mitsitsi, yana ta rera waƙa.

Na ce, "Kai, Auta, dubi ƙirjinsa, kamar an shafa masa fenti."

Ta ƙyalƙyale. "Baba, ka cika zolaya. Ai ba a ganinsu sai da madubin Malama. Ji ake yi."

"Ga shi nan fa a gabanki."

Ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido, tana duban wani reshe daban. Sai murmushin ya ɓace.

"Baba, da gaske kai kana ganinsa?"

Na ja da baya kaɗan, na daina motsi.

"Auta, dariya nake yi ko fushi?"

Ta ƙura mini ido. Can ta ce, "Sake magana mana, sai in faɗa maka."

Malama ta dafe baki. Ni kuwa sai komai ya dawo mini. Yarinyar da ke manna hanci a littafi muna mata tsiya, wai cinye shi za ta yi. Yarinyar da ke tsallaka titi ita kaɗai kullum za ta makaranta!

Na sunkuce ta, duk girmanta.

"Baba, ina za mu?"

"Wajen likitan ido."

"Aikinka fa?"

"Ya jira."

Ta leƙa ta kafaɗata. "Malama, yaushe za su tafi?"

"Da saura, 'yata. Ba su gama hutawa ba."

"To Baba, yi sauri. Ina so in ga rawayar."