A Gidanmu Ba a Cin Diyya

Kallamu ya zura rabin jikinsa cikin rumbu yana lalube, ƙafafunsa na reto a waje, sai ya ji muryar matarsa Fadima a bayansa.

"Malam, mai unguwa ya sake aikowa. Wai kai kaɗai ake jira."

"Su jira," ya ce daga ciki. "Ni ma sati biyar na yi ina jira."

Ya jawo abin daga ƙarƙashin ragowar dawar bara, ya sauko da shi a hankali. Famfon feshi ne shuɗi, irin wanda ake goyawa a baya, sabo fil in ba don tsagewar da ta taso daga kafaɗarsa ta hagu har tsakiyar tankin ba. Har yanzu yana warin maganin ciyawa. Fadima ta toshe hanci da gefen mayafinta ta ja da baya.

Shekara goma sha ɗaya Kallamu yana feshi a gonakin mutane ana biyansa. Gonarsa ta gado, bayan an raba ta gida bakwai, ba ta kai ka yi gudu a cikinta ka gaji ba, don haka feshin nan shi ne cinsa, shi ne suturar 'ya'yansa biyar. Farkon damina ya je Bici ya sayi wannan famfo a shagon Alhaji Zaharaddini. Kwana na tara da sayensa, yana tsakiyar wata gonar masara, ya ji wani ɗan huci a bayan kunnensa. Ya waiga ya duba, tankin ya fashe masa a fuska. A asibitin Kano likita bai ɓoye masa komai ba: idon hagu ya tafi, na dama ya tsira da ƙyar, kuma kada ya ƙara kusantar maganin feshi har abada.

Rashin idon ya yi masa ciwo, amma akwai abin da ya fi ci masa rai. Yana kwance, fuska a naɗe da bandeji, Alhaji Zaharaddini ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba. Kafin Kallamu ya buɗe baki, yayansa Malam Abdulkabir, babban gidansu, ya riga ya amsa. "Haba Alhaji, ai ƙaddara ce. Mun yafe. A gidanmu ba a cin diyya." Da wannan magana ake yi wa zuri'arsu kirari tun zamanin kakansu, wanda ya taso daga Barno ya zauna a nan, wata babbar mota ta kashe masa ɗa, aka kawo diyya ya ce a mayar. Shekara sittin suna tinƙaho da labarin. Kallamu ma ya sha ba da shi a majalisa, a lokacin da yake da ido biyu.

A asibitin ne ya haɗu da Barista Ilham, wata lauya 'yar siririya daga ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ta zauna a bakin gadonsa ta yi masa bayani dalla-dalla. Wanda ya ƙera kaya da wanda ya sayar, in kayan ya zo da aibu ya raunata mutum, doka ta ce su amsa. Kuɗin magani haƙƙinsa ne, sana'ar da ya rasa ma haka. "Amma Baba, abu uku za ka riƙe mini: rasit, katin asibiti, da famfon nan. Famfon ya fi sauran. Kada ka ba kowa, ko da ya ce gyara maka zai yi." Ta ce ranar Alhamis tana da shari'a a Bici, ya same ta da kayan kafin la'asar. Yau ce Alhamis ɗin.

Ya zura hannuwansa cikin maɗaurin ya goya famfon, ya gyara baƙin tabarau.

"Da shi za ka je?" in ji Fadima.

"In na bar shi a gida, kafin in dawo an aiko an karɓa, ke kuma kunyar Yaya ba za ta bar ki ki hana ba."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta matsa ta ba shi hanya.

Zauren mai unguwa a cike yake. Mai unguwa Ɗan'auta, wanda furfura ta gama cinye gemunsa amma sunan yarinta ya ƙi sakinsa, yana kan buzu. Malam Abdulkabir na damansa yana jan carbi. Alhaji Zaharaddini na kan kujerar roba, cikin farar shadda da ta sha guga, ƙamshin turarensa ya cika zauren. A gabansa an ajiye buhun shinkafa, ƙullin goro, da wani kwali dogo. Da Kallamu ya yi sallama ya shigo da fasasshen famfo a bayansa, sai da wasu suka sunkuyar da kai don kada dariya ta kufce musu. Ya gaida kowa, ya zauna bai sauke ba.

Mai unguwa ya yi addu'a, ya jawo zance ta nesa, kan zumunci da haƙuri da yadda Alhaji yake ba mutanen garin nan taki tun kafin a haifi wasunsu. Sannan ya sauko kan magana.

"Alhaji ya nuna halin girma. Ga abinci, ga sabon famfo ya kawo maka. Wancan na bayanka zai mayar wa kamfani su duba. Ga 'yar takarda kuma, ka dangwala hannu, shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, me takardar ta ce?"

"Abin da yayanka ya riga ya faɗa ne kawai. An yafe."

"To ai wanda ya faɗa shi ya kamata ya dangwala."

Carbin Malam Abdulkabir ya tsaya. "Kallamu, da ni kake?"

"Da kai nake, Yaya, kuma Allah ya sani ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan fara ba. Amma ranar da ka yafe, ni ban ma san dare ne ko rana ba. Ba ka tambaye ni ba."

"Tun yaushe ake tambayar ƙani kafin a yi magana da sunan gida? Magana zarar bunu ce. Na faɗa a gaban mutane. So kake a ce jikokin Malam sun koma cin kuɗin jini? Da wane ido zan kalli jama'a?"

"Da guda biyun da kake da su, Yaya."

Kallamu ya ji kunyar abin da ya faɗa, amma bai janye ba. Wannan yayan ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Kakanmu ɗansa ya yafe, haƙƙinsa ne, Allah ya ba shi lada," ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan kuwa idona ne. Allah da kansa ya halatta diyya, ya ce mai haƙƙi in ya so ya yafe. Bai ce yayan mai haƙƙi ba. Buhun nan zai ƙare kafin kaka. In ya ƙare, kirarin gidanmu zan dafa wa yara?"

Alhaji Zaharaddini ya gyara zama, ya yi murmushi irin na wanda ya saba da ciniki. "Malam Kallamu, kotu ba wurin talaka ba ce, shekara goma sai ku yi kuna jeka-ka-dawo. Kuma tsakani da Allah kayana ba su da matsala. Na sayar da sun fi ɗari. Wataƙila ka cika bugawa ne, iska ta yi masa yawa."

Wannan ce ta ƙarasa tunzura Kallamu. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, yau mai farar shadda ne zai koya masa bugun famfo. Ya miƙa hannu ya jawo kwalin, ya farke shi. Shuɗi ne, kamfani ɗaya, tambari ɗaya, kamar an tsaga kara da na bayansa.

"Irinsa ne ka kawo mini."

"Sabo dal, ko leda ba a cire ba."

"To Alhaji, mu gama magana a nan, ba sai an je ko'ina ba." Ya juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a kawo ruwa da maganin ciyawa, na san akwai a gidan nan. A haɗa yadda ake haɗawa, a cika shi. Alhaji ya goya, ya fita ƙofar gida ya buga sau hamsin a gaban kowa. In ya yi, wallahi na sauke wannan na ba shi, na dangwala hannu, ko shinkafar ba na so."

Duk idanu suka koma kan Alhaji. Ya yi 'yar dariya, babu wanda ya taya shi. Ya ce ai shi ba manomi ba ne. Aka ce ba komai, hannu kawai ake ɗagawa a sauke. Ya ce yana fama da ciwon baya. Wani dattijo daga bakin ƙofa ya ce to a zuba rabi. Ya duba shaddarsa, ya duba agogo, ya ce a zuba ruwa zalla mana, ai duk ɗaya ne.

"Ni ba ruwa zalla ne ya zubo mini ba," in ji Kallamu.

Alhaji bai tashi daga kujerar ba. Mai unguwa Ɗan'auta ya daɗe yana kallon sabon famfon, sannan ya sa ƙafa ya ɗan ture shi nesa da buzunsa. A cikin zauren nan akwai mutum huɗu da suka sayi irinsa a bana, kuma kowannensu ya san kansa.

Kallamu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a yi mini izini. Ana jirana a Bici."

Ba a ba shi izini ba, ba a kuma hana shi ba. Ya sa takalmansa ya fita.

Daga garin zuwa bakin titi tafiya ce ta 'yan mintuna, ta siririyar hanya tsakanin gonaki. Gero ya kai ƙugu, ciyawa ta yi kore shar a kunyoyin da a da shi ake kira ya fesa. Rana ta take, maɗaurin famfon yana gurzar tabon da ke wuyansa. Sai a nan, da babu mai ganinsa, ya rage sauri. Bai san ko zai yi nasara a kotu ba. Bai san ko Yaya zai ƙara cin tuwo da shi a kwano ɗaya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi.

A bakin titi ya tsaya. Motocin Bici ta hagu suke ɓullowa, dole sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya gan su. Biyu suka wuce shi kafin ya ankara ya ɗaga hannu.

Ya ji takun mutum a bayansa, da ƙarar carbi. Bai waiga ba. Ya shirya jin faɗa, ya shirya jin an ce ya sauke kayan nan ya koma gida.

Malam Abdulkabir ne. Fuskarsa a murtuke, ya zagayo ya tsaya ta hagunsa, yana kallon titi. Sun daɗe a haka. Can wata ƙaramar bas ta taho, ya ɗaga mata hannu ta tsaya.

"Bici," ya ce wa direban. "Mutum biyu, da kaya."