Gajerun Sifirin daga Legas

Gado bakanike ne a Jega, garejinsa yana bakin titin da ya nufi Yauri, ƙarƙashin wata bishiyar dogon-yaro. Shekara talatin aikin da aka san shi da shi ɗaya ne, ɗaga mota. Manoman albasa daga Aliero da Danwarai sukan kawo masa a-kori-kura, ya ƙara mata falle biyu ko uku na sifirin, ta tashi sama, ta ɗauki kayanta ba ta durƙusa ba. Ba shi da injin saita taya, ba shi da ramin siminti. Yana da jak biyu, da sifanu, da ƙullin zare a aljihu.

Ɗansa na fari, Waliyyu, ya yi shekara bakwai a Legas yana aiki a shagon kayan mota. Ya dawo shekara biyu bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Abinci bai yanke musu ba, lafiya ma akwai. Abin da uban da ɗan suka rasa shi ne su yi magana uku a jere ba tare da ɗaya ya tashi ya bar wurin ba.

Ranar da Waliyyu zai tafi Legas, Gado ya ce masa a ƙafa zai dawo. Maganar ba ta taɓa barin kunnensa ba. Saboda haka abu ɗaya yake so yanzu: mahaifinsa ya zauna a gaban wannan mota, shi kuma ya tuƙa shi har Giwa Tazo, wurin kakarsa Gudiya wadda ta raine shi tun daga yaye. Da ya faɗa masa, Gado ya ce Allah ya kai mu. Waliyyu ya ɗauki wannan a matsayin yarda.

Da safe ya kawo motar gareji, ya buɗe but ɗin baya, ya fito da kwali. A ciki akwai sifirin huɗu masu murɗi, shuɗaye, gajeru, da wata leda ta ƙusoshi. Ya bayyana cewa a Legas irin wannan mota ba a barin ta tsaye kamar raƙumi, sai an sauke ta ta kusa ƙasa. Da ya so, da tun can ya sa an ɗaura su. Ya taho da su a kwali ne don hannun mahaifinsa ya taɓa motar, amma wannan bai faɗa ba.

Gado ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya gwada tsawonsa da tafin hannu, ya ajiye. Ya tambaya ko ɗan Legas ya manta hanyar Giwa Tazo ne. Waliyyu ya ce hanya ai hanya ce, kuma idan aikin ya fi ƙarfin garejin, akwai masu yi a Sakkwato.

"Aikin ya fi ƙarfina," in ji Gado a hankali. "To. Kawo jak."

Suka fara da ƙafar gaba ta hagu. Gado yana aiki yana huci, amma bai tsallake ko mataki ɗaya ba. Tun nauyin mota yana kan tsohon sifirin ya ɗaure shi da waya mai kauri a wuri uku don kada ya yi tsalle idan an kwance, sannan ya ɗaga motar, ya cire taya, ya kwance shoka, ƙarfen da sifirin yake zagaye da shi. Waliyyu ya gaji da jira, ya kai sifana kan babban notin sama kafin a ƙara matse wayar. Gado ya buge hannunsa da ƙarfi har sifanar ta faɗi cikin ƙasa.

"Wanga notin shi ya raba yaron garejina Jibrilla da haƙoransa na gaba. Ba su koya maka ba can?"

Waliyyu ya ce shi ba yaro ba ne da za a mare masa hannu a gaban mutane. Gado ya ce to ya daina aikin yara. Daga nan sai ƙarar ƙarfe kawai ake ji, har suka gama ƙafa huɗu rana ta take tsaka.

Da aka sauke jak, motar ta zauna ƙasa yadda Waliyyu yake so, amma tayoyin gaba sun karkata, samansu ya shige ciki. Sahabi mai faci, wanda rumfarsa take jikin garejin, ya leƙo ya ce ai motar ta yi gwame, a nemo mata mai ɗori. Waliyyu bai yi dariya ba. Ya ce a bar ta haka, gobe zai kai ta Sakkwato a ɗora ta a inji, domin ba a saita irin wannan mota da ido.

Gado ya zazzage ledar ƙusoshin, ya duba su, ya ga kowace tana da ɗan tudu a gefe ɗaya, ya gane amfaninta ba tare da an gaya masa ba. Ya sa su a gindin shoka. Ya ɗaure noti a bakin zare, ya sake shi yana lilo a gefen taya har ya tsaya cak, yana juya ƙusar kaɗan kaɗan har tayar ta miƙe daidai da zaren. Sannan ya zagaye tayoyin huɗu da wani dogon zare, ya kwanta a ƙasa yana murɗa tayarod, ƙarfen da yake juya taya, yana tashi yana dubawa, yana komawa. Waliyyu yana tsaye ya harɗe hannu, ya ce a Legas da an ga wannan zare da an yi dariya har a faɗi. Gado ya ce a Legas ai komai abin dariya ne, har uba.

Da ya gama, ya durƙusa ya tura dunƙulen hannunsa ƙarƙashin cikin motar. Hannun bai shige a tsaye ba. Ya daɗe yana kallon wurin, ya tashi ya karkaɗe riga.

"Ba ni shiga wagga mota. Ka tahi, ina biye da tawa."

Waliyyu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya tuna masa cewa jiya ya ce Allah ya kai mu. Gado ya ce ai ga shi Allah ya kai su, kuma ba zai shiga ba.

"Ko da jirgi na dawo, Baba, da cewa za ka yi ƙafa ta fi shi."

Ya sa ƙafa ya ture tsofaffin sifirin da suke zube a ƙasa, ya ce a ba maƙera su yi lauje da su. Ya tafi gida ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya yi azahar a wani masallaci dabam, ya kama hanya shi kaɗai.

A kan kwalta motar ta tafi kamar an ja layi. Ya saki sitiyari don ya kama zaren da laifi, ba ta karkata ko ina ba. Wannan ya ƙara masa haushi.

Bayan Maiyama ya sauka daga kwalta. Hanyar ita ce dai wadda ya sani, sai dai manyan motocin kaya sun tona ta da damina, laka ta bushe ta bar kwari biyu inda taya take bi, da tudu mai tauri a tsakiya. Da farko ya ji tana goga ciki jefi jefi. Ya hau da taya ɗaya kan tudun, ya yi tafiya haka na ɗan lokaci. A wata gangara kusa da fadama tayar ta zame, motar ta faɗa cikin kwarin, ta zauna da cikinta. Ya taka mai, tayoyi suka juya a banza. Daga inda yake yana hango kukokin Giwa Tazo.

Ya fita ya tona da hannu, ya tona da sifana, ya cusa duwatsu, ya tura. Wani makiyayi ya tsaya da shanunsa yana kallo, ya yi masa sannu, ya tambaya ko motar ciwo take. Kafin la'asar farar shaddar ta koma ja.

Sai ya ji ƙugin a-kori-kurar da ya sani tun yana ƙarami. Ya miƙe ya juya baya, ya shirya amsar duk abin da za a faɗa masa.

Gado ya sauko, bai kalle shi ba. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shafa ƙasa ya sansana yatsunsa, ya ce baƙin mai bai zuba ba, salansa ce kawai ta lotse. Ya je ya yaye tamfol ɗin a-kori-kurar. Babu buhun albasa ko ɗaya a bayan motar. Jak biyu ne, da katako, da shebur, da wayar ɗauri, da tsofaffin sifirin huɗu an goge su da mai, kowane an ɗaura masa tsumma da ƙulli, ɗaya zuwa huɗu, don a san ƙafar da ya fito.

"Mi kake kallo? Riƙe katakon nan. Ba nan ba, can."

Suka yi la'asar a gefen hanya, suka ci gaba. Gado bai daina faɗa ba. Ya yi faɗa a kan katako, ya yi a kan noti, ya yi a kan shaddar da aka sa don kwanciya a ƙasa. Amma da aka zo babban notin sama, sai ya matse wayar ya miƙa wa Waliyyu sifana, ya ce yanzu ya kwance. Rana ta yi sanyi kafin motar ta tashi tsaye a kan ƙafafunta na da. Gado ya sake fito da zaren, Waliyyu ya riƙe masa ɗaya bakin.

Gado ya kwashe kayansa, ya ja a-kori-kurar gindin wata tsamiya, ya roƙi makiyayin ya sa mata ido. Ya ɗauko wani tsohon buhu, ya buɗe ƙofar jar motar, ya shimfiɗa shi a kan kujera don kada mai ya ɓata ta, ya zauna gwiwoyinsa suna taɓa gaba.

"Kujerar ma ƙasa take," ya ce. "Tahi sannu, tsohuwa tana jira."

Waliyyu ya tada mota. Ya gane cewa da mahaifinsa ya shiga tun daga Jega, da babu kowa a bayansu da zai kawo tsofaffin sifirin.