Ƙafar Ja'afaru

Likita Zarami ya daɗe yana duba mutanen fadamar Haɗejiya. Da damina, in ruwa ya yanke hanya, a kwalekwale yake shiga ƙauyuka da jakarsa, ya yi wa yara maganin tsargiya, ya ci tuwo duk gidan da azahar ta same shi. Da sojoji suka sauka aka buɗe siyasa, masunta suka ga ba su da abin saka masa da ya wuce ƙuri'a. Suka zuba masa, ya tafi majalisar tarayya a Ikko.

Bayan tafiyarsa, ranar su, wato kamun kifin gayya, ƙayar kifin ƙurungu ta soki wani masunci Ja'afaru a tafin ƙafa, a ƙauyensu kusa da Baturiya. Ƙafa ta kumbura. Matarsa Mairam ta ce su je asibitin gari, an kawo sabon likita. Ya ce yaron da bai iya gaisuwa ba, sai da tafinta? Ƙafarsa ba mai taɓawa sai Zarami, in an yi hutun majalisa. Abokansa suka goya masa baya, wai zuwa wurin wani cin fuskar wanda suka zaɓa ne. Aka daka ganye da toka aka ɗaure.

Ranar da Zarami ya zo, 'yan jam'iyya sun kafa rumfa ana kiɗa. Mairam ta sa ƙannenta suka ɗauko mijin a amalanke, suka ratsa taro har gaban tebur. Zarami ya naɗe hannun babbar riga ya kwance tsumman. Na kusa suka toshe hanci. Yatsun sun yi baƙi.

Zarami ya hau faɗa. Ya tambaya wa ya gaya musu shi kaɗai Allah ya ba ilimi. Ya ce ya yi ta haƙilo a Ikko har aka turo musu likita, suka bar shi yana korar ƙuda.

"Ƙayar kifi, Ja'afaru. Ƙato kamarka."

"Ai kai muke jira, ranka ya daɗe. Kai ka san jikin."

Mairam ba ta yi kuka ba. Ta ce wannan ne karo na farko da aka ba su mata ƙuri'a, kuma ita ba shi ta zaɓa ba.

"Na ce in ka tafi wa zai duba mu, aka ce mace ba ta san girma ba. To ga girma nan, Likita, shaƙi."

Wani ɗan jam'iyya ya daka mata tsawa, Zarami ya ce ya rufe masa baki. Ya bar taron, ya kwantar da Ja'afaru a bayan motarsa sai asibiti. Sabon likitan ne ya yi aikin, Zarami yana miƙa masa kaya, don ya ce hannunsa ya kwana biyu bai riƙe wuƙa ba. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Buhun shinkafar da Zarami ya aiko daga baya, Mairam ta ce direba ya mayar, su ma suna nomawa.

Yanzu Ja'afaru gyaran komar kamun kifi yake a bakin kogi. Duk baƙon da ya tambaya, sai ya ce ɗan majalisa ne da kansa ya yanke masa. In Mairam na kusa, takan ce ƙarya yake.