Kuzma a Ɗakin Sama

Da zarar zafi ya shigo Stari Grad, garinmu na bakin teku, mu 'yan gari sai mu kwashe komatsanmu mu sauka ƙasa. Ɗakunan sama masu iska, masu tagogi da ke kallon teku, na baƙi 'yan yawon buɗe ido ne masu haya, har sai inabi ya nuna. Masu gida kuwa su ƙarata a konoba, ɗakin nan na ƙasa inda ake ajiye gangunan giyar inabi da tarun kifi da duk tarkacen da aka kasa zubarwa. Nan ake jera gadaje tsakanin ganguna, nan ake girki, nan ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa don kada na sama su ji. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin kunya. Baƙo yana sama, ɗan gida yana ƙasa, haka muka taso muka tarar.

Kuzma ya san wannan sarai, don a garin aka yanke masa cibiya. Yana saurayi ya bi jirgi zuwa Ostareliya kamun kifi, ya shafe shekara arba'in da wani abu a can. Bara matarsa ta rasu. 'Ya'yansa sun zama mutanen can, sai dai su kira shi a waya ran Lahadi su tambaye shi ko ya sha magani. Ya gaya wa kowa ziyara zai je, ya ga gida ya dawo. Amma ya sayar da kwalekwalensa, ya saki gidan haya, kuma a ƙasan babban akwatinsa akwai rigunan sanyi masu kauri. Zama ya zo yi, in akwai wurinsa. Sai dai ba zai tambaya ba. Mutanenmu gara su kwana a waje da su buɗe baki su ce a ba su wuri.

Yayarsa Perina ce ta tare shi a bakin jirgin ruwan da ke zuwa daga birnin Split, cikin rigarta ta zuwa coci, mijinta Lovre yana biye da ita kamar kullum. Rabonsu da juna tun jana'izar mahaifiyarsu. Ta sumbace shi a kumatu biyu, ta ja baya ta dube shi.

"Sannu da zuwa, Kuzma. Ka sha hanya."

Kuzma ta ce, da sunansa na baftisma. Tun suna yara ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai jaki.

Da suka isa gida sai ta wuce ƙofar konoba, ta hau da shi matakala. Ɗakin da ya fi kowanne kyau ta buɗe masa. Farin zanen gado, tawul a ninke, ɗan sabulu a cikin takarda, ƙullin busasshen furen lavanda mai ƙamshi a kan matashi. Duk unguwar ta san ta sallami wasu Jamusawa mata da miji masu zuwa kowace shekara don ta ba ƙaninta ɗakin nan, kuma duk unguwar ta yaba mata.

"Ga makulli," in ji ta. "Ruwan zafi ka murɗa hagu. Karin kumallo a baranda, duk lokacin da ka tashi."

Ya karɓi makullin. Ɗaure yake da ɗan kifin katako mai lamba a jiki. Ya yi godiya, ita ma ta yi godiya, ta ja masa ƙofa a hankali. Ita a ganinta ta gama karrama shi. Shi kuma ya zauna a bakin gado, zuciyarsa ta yi nauyi, don ya ji abin da ɗakin ya faɗa masa.

To, tunda an mai da shi baƙo, sai ya shiga yin abin da baƙi suke yi. Da safe ya bi lungunan dutse cikin masu gajeren wando da hular rana, ya leƙa coci, ya tsaya kallon kifaye a tsohon tafkin nan da kowa yake ɗauka a hoto. Gidan da aka haife shi, wanda aka sayar bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu shagon askirim ne. Matar da ke ciki ta yi masa maraba da Turanci. Ya amsa mata da harshen garin, ta zaro ido.

"Kai! A ina ka koyi yarenmu haka? Wallahi irin na kakata ne."

Ya sayi askirim ɗin da ba ya so, ya sha a tsaye, daidai inda gadon mahaifinsa yake a da.

A bakin ruwa tsofaffin sa'o'insa suna nan a kan karta, a teburin da ya bar iyayensu. Sun gane shi, ba laifi. Aka buga masa kafaɗa, aka ce tumbinsa ya fi na kowa ci gaba, aka matsa masa kujera. Amma ba a yi rabon karta biyu ba wani ya tambaya, "To, mutumin Ostareliya, yaushe ne komawa?" Ya ce yana nan tukuna. Aka gyaɗa kai, aka ci gaba da wasa.

Lokacin cin abinci ne ya fi ci masa rai. Perina takan hau masa da babban kifi a faranti mai kyau, ta shimfiɗa ƙyalle a tebur, ta tsaya har ya ɗanɗana. Daga ƙasa kuwa hayaƙin gasasshen kifin sardin yana tasowa, da muryarta tana tsinewa Lovre a kan gishirin da ya zuba wa ganye da dankali. Ran nan ya ɗauki farantinsa ya sauka. Ta tare bakin ƙofar konoba da jikinta, tana goge hannu.

"A'a, a'a, ina za ka? Nan duk datti ne, ba wurin zamanka ba ne. Koma sama ka sha iska."

Ta bayan kafaɗarta ya hango Lovre a singileti, yana tsotsar ƙashin kifi. Lovre ya ɗaga masa gira kawai. Shi dai tun da ya yi aure bai taɓa cin gardama ba, ya kuwa daina gwadawa.

Akwai wata tsohuwar magana a tsakaninsu da ba wanda ya taɓa. A zamanin iyayenmu, in za a raba gado, ɗa namiji ake ba gonar kirki ta cikin fili, mai jar ƙasa da inabi. 'Ya mace a ba ta duwatsun bakin teku, inda gishiri ke ƙone komai, ko akuya ba ta samun na ci. Haka mahaifinsu ya yi, kuma kowa ya ce ya yi daidai. Kuzma ya samu gona, ya tafi ya bar ta. Perina ta samu duwatsu da wata rumfar ajiye taru, inda suke kwana suna yara a lokacin kamun sardin. Sai ga baƙi sun fara zuwa, su kuwa ba ruwansu da jar ƙasa, teku suke so su gani daga kan gado. A kan rumfar nan ita da Lovre suka ɗora bene. Rabin matan garin nan haka suka tashi da arziki, 'yan'uwansu maza suna cizon yatsa har yau.

Wata safiya Kuzma ya fita neman gonarsa. Ya bi hanyar cikin fili tsakanin katangun duwatsu, 'yan yawo a kan kekuna suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Gyare ya cika ko'ina da kuka. Da ƙyar ya gane wurin. Ƙaya ta haɗiye inabin, bishiyoyin daji sun tsiro a tsakiya, aladun daji sun tone gefen katanga sun rushe ta. Ɓauren nan ne kawai na kusurwa bai san an yi watsi da shi ba, ya yi 'ya'ya har rassansa sun sunkuya. Kuzma ya kutsa, ƙaya ta yage masa riga da damatsa, ya cika hularsa. A hanyar dawowa dabara ta zo masa, kuma ya ɗauka mai kyau ce.

Rana tana tsaka Perina ta hau da abinci, ta same shi a baranda jina-jina. Ya miƙa mata hular.

"Daga gonar Baba ne. Perina, na yi tunani. Na bar miki ita kyauta. Ki riƙe, taki ce."

Ta ajiye farantin a hankali. Wuyanta ya yi ja.

"Ka bar mini me?"

"Gonar. Ai ke ya kamata tun farko..."

"Yanzu? Yanzu da ta zama gidan aladu? Wa ya yi mata noma tun kana yawo ba wando? Wa ya ɗauki kwandon inabi a ka har gashinsa ya zube? Aka ɗauka aka ba ka, ka sa ƙafa ka shure ta, sai yau da gwiwoyina suka mutu za ka zo ka yi mini kyautar ƙaya!"

"To ai duwatsun naki ba su cuce ki ba," in ji shi, shi ma ransa ya fara ɓaci. "Ga ki nan kin zama uwar ɗaki mai bene, kina raba wa mutane sabulu."

"Uwar ɗaki? Kai jaki! Jakin banza jakin wofi! Ka san inda uwar ɗakin take kwana?"

Baƙin ɗakin kusa suka leƙo da tawul a wuya, suka koma da sauri. Perina ta manta da murya ƙasa-ƙasa. Ta faɗa ɗakin, ta fizge zanen gado, ta watsa kayansa cikin ƙaramin akwati.

"Na kori mutanen kirki saboda kai, ina ta hawa da sauka kamar baiwa! Fita mini daga ɗaki. Ka sauka ƙasa ka ji abin da muke ji. Lovre! Zo ka ɗauki kayan wannan jakin!"

Ta ja babban akwatin, marfin ya buɗe, rigunan sanyi suka zubo a ƙasa. Ta tsaya. Ta ɗaga wata baƙar riga mai kauri, ta dube ta, ta dubi rana da ke ƙuna a waje, sannan ta dubi ƙaninta. Kuzma ya kau da kai wajen teku. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Sai ta ninke rigar ta rataya a hannu.

"Waɗannan a konoba za su yi funfuna," in ji ta. "Zan sa su a kabad ɗina. In baƙi sun watse muka hau sama, ɗan ɗakin baya za ka samu, mai kallon bango. Wannan nawa ne, kada ma ka sa rai." Ta miƙa hannu. "Ba ni makullina."

Ya ciro kifin katakon daga aljihu ya ba ta.

A konoba Lovre ya janye taru daga kan wani gadon ƙarfe da ya lotsa a tsakiya, ya buga katifar, ƙura ta tashi. Wurin duhu ne, da sanyin dutse, da warin tsamin ganguna da tsohon kifi. Ragowar sardin na kan tebur, ba ƙyalle, ba wanda ya ce masa bismillah. Kuzma ya ja kujera ya ci da hannu. Lovre ya zaro wata tsohuwar adda daga bayan ganga ya jingina ta a jikin gadon.

"Gobe da sassafe sai saran ƙayar gonar nan, kafin rana ta yi zafi," in ji shi. "In ba haka ba, ba za ta bar mu mu sha ruwa ba."

Garin ya yi tsit, kamar yadda yake yi kullum bayan abincin rana. Kuzma ya kwanta, ƙarfen gadon yana tokare masa baya. A sama yana jin takun Perina tana jan gado, tana shimfiɗa wa wani baƙo sabon zane, tana zaginsa ita kaɗai. Kafin ta sauko barci ya ɗauke shi.