Tukunya Mai Ƙulli Uku

A Kaoje in an ce irin shinkafa, to an ce Dela. Tun kafin a haifi rabin masu noman fadama na lokacin ita ke ajiye irin garin, kamar yadda uwarta ta yi kafin ita. Ba sayarwa take yi ba. Manomi ya zo kafin shuka ya gaya mata inda ruwan kogin Kwara yake kai masa a gonarsa in ya cika, ta ɗebo masa wanda ya dace, bayan girbi ya mayar mata da sabo. Tukwane huɗu ne jere a ɗakinta: ta gwiwa, ta ƙugu, ta ƙirji, sai ta huɗu wadda take ji da ita kamar ɗan fari. A cikinta ne Bi-ruwa take, shinkafar da in ruwa ya ƙaru taki guda ita ma ta ƙaru taki guda, ko da ya shanye kan mutum. Uwar Dela ce ta zo da ita daga Dendi, can hayin iyaka, ƙulle a bakin zane.

Shekarar da aka sauke tutar Bature abubuwa biyu suka sami Dela. Na farko farar shinkafa ta shigo gari, mutane suka ruga gare ta, suka dafa tsohon irinsu suka cinye, sawu ya ɗauke daga ƙofarta. Namadi kaɗai ya rage, shi ma don gonarsa ce mafi zurfi a fadama, farar ba ta kai labari a can. Na biyu kuwa wata farar yana ce ta rufe mata ido. Wannan ba wanda ta gaya wa. Ta san ɗakinta, ta san muryar kowa, ta ci gaba da gaisawa da mutane tana kallon wajen da magana ke fitowa.

Sai ga shi an zo yi mata sabon daɓe. Matan maƙwabta suka fitar da tukwanen, suka mayar yadda suka ga dama, don a wurinsu tukunya tukunya ce. Irin kuwa duka ja ne, kamar an tsaga kara, idon Dela ne kaɗai yake raba su, ga idon ya tafi. Da Namadi ya zo karɓar Bi-ruwa, da ta buɗe baki ta ce masa ga halin da ake ciki, da ba a yi haka ba. Amma girman kai rawanin tsiya. Ta laluba tukunyar ƙarshe ta auna masa. Ruwa ya zo, shinkafar ta kai ƙugu ta tsaya, ruwa ya wuce ta kanta. Namadi bai girbi ko zangarniya ba. Bai zo ya yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Gaisuwarsa ce kawai ta gajarce, daga bakin zaure yake yi ya wuce.

Abin da ke hana ta sakat ke nan. Mudu uku na Bi-ruwa ne suka rage a duniyar Kaoje, suna cikin ɗaya daga tukwanen nan, ba ta san wacce ba. Iri kuwa ba ya jiran mutum. In damina mai zuwa ta wuce ba a sa shi a ƙasa ba, ya mutu.

Ana cikin haka jikanta Bunyaminu ya zo hutu daga makarantar gwamnati ta Sakkwato, bayan an gama girbi. Dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne. Tun yana ƙarami ba bangon da ya tsira daga gawayinsa, ya sha duka a kan haka, bai daina ba.

"Maigida, ka iso?" in ji Dela. "Mi ka kawo ma matarka? Ko dai hannu na dukan cinya, kamar kullum?"

"'Yar tsohuwa, ke da ba ki da haƙorin cin tsaraba? Aiki ni kawo miki. Malaminmu na ilmin tsiro ya ce kowa shi zano amfanin gonar garinsu."

Kwana uku ya yi a ƙofar ɗakinta da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ya ɗebo ƙwaya daga kowace tukunya, ya duba, ya zana, ya shafa launi. Da ya gama ya miƙa mata takardar yana jiran yabo.

"Kai, madalla!" ta ce. "Wanga ja kamar ka taɓa. Lalle ba banza anka kai ka boko ba."

Ya dubi takardar a hannunta. Ashe bayan takardar take kallo, fari fat, zanen yana fuskantar ƙasa. Ya durƙusa kusa da ita, ya sassauta murya.

"Kaka, tun yaushe?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dela ta ajiye takardar a cinya ta gaya masa komai, daɓen, da tukwanen, da gonar Namadi. Ta yi kuka, kukan da ta shekara tana haɗiyewa. Ta zaci zai ce a je asibiti, ko ya ce a haƙura da tsohon iri tunda ga fara ta zo. Bai ce ko ɗaya ba. Ya daɗe yana juya gilashinsa a hannu.

"Ni da gilashi na ga sun bambanta," ya ce, "amma ban san wace ce wace ba. Ke kin san halinsu, ba ki ganinsu. To mu tambaye su, su faɗi da kansu."

"A tambayi shinkafa? Bokon ya taɓa ma kai?"

Washegari ya tafi gidan Hamsatu maginiya, ƙawar Dela tun suna 'yan mata, ya roƙo ƙananan tukwane. Ya cika su da laka daga fadama. Ya samo igiyar kaba, ya ɗaura wa manyan tukwane huɗun nan a wuya: ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, har zuwa huɗu. Kowace ƙaramar tukunya ya ɗaura mata ƙullin uwarta, ya shuka ƙwaya goma goma. Sannan ya je tafkin bayan gari, wanda ruwan kogi ke bari duk shekara, ya sassare gefensa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa ya fi na samansa zurfi da taki guda, ya kafa sanda ya yi mata tsaga.

"In sun kai tsawon hannu," ya ce wa tsofaffin biyu ranar da zai koma, "ku kai su hawan farko. Kowace Juma'a ku sauke su hawa ɗaya. Wadda ta nutse ku riƙe ƙullinta da inda ta nutse. Kada ku ji tausayin kowace."

Garin ya sami abin dariya na rani. Masunta in sun wuce sai su tsaya su tambaya ko shinkafar ɗan boko ta iya iyo. Wani ya ce mulkin kai ke nan, har shinkafa an sa makaranta. Dela ba ta kula su ba. Duk Juma'a da hantsi ta ɗaure zane, Hamsatu ta riƙe mata hannu su shiga tafki. Ta bi igiya da yatsa ta ƙirga ƙulli, ta shafa saman ruwa ta ji ko ganye ya leƙo. A zuciyarta ta riga ta yanke cewa mai ƙulli biyu ce Bi-ruwa, don ƙwayarta ta fi cika mata hannu, kuma da ba a yi wannan aiki ba ita za ta ba Namadi.

Mai ƙulli ɗaya ta mutu a gwiwa. Mai huɗu, wadda ta ba Namadi bara, ta kai ƙugu ta sare. Saura biyu. Ruwa ya kai musu ƙirji, Hamsatu tana ta mita wai za a kashe ta da sanyin ƙashi a kan ciyawa. Juma'ar da ta biyo Dela ta shafa ruwa a kan mai ƙulli biyu, ba ta ji komai ba. Ta sake shafawa, ta nutsa hannu, ta taɓo ganye ya yi laushi ya kwanta. Ta miƙa hannu gefe, sai ga tsinin ganye yana sukar tafinta, a tsaye, taki guda bisa ruwa.

"Hamsatu, ƙirga min wagga."

"Uku na, Dela."

Ta tsaya cikin ruwa tana salati. Da ta bi son ranta da ta sake kashe Namadi, ta kuma bar Bi-ruwa ta ruɓe a tukunya. Tun daga ranar, duk sallar da ta yi sai ta sa sunan yaron nan a addu'a.

Bunyaminu ya dawo hutun bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya je tafki ya auna, ya rubuta a littafinsa, ya dawo ya ce aiki bai ƙare ba, don igiya tana ruɓewa, kuma wata rana za a sake daɓe. Ya tare a gidan Hamsatu yana cuɗa yumɓu, mata suna leƙe ta katanga suna shewa, wai namiji da ginin tukunya. Hamsatu ta gina manyan tukwane huɗu. Tun suna ɗanye ya murza yumɓu ya ɗora wa kowace siffar mace a tsaye, ta fito tudu yadda yatsa zai ji, sannan ya ja wani layi mai lanƙwasa ya kewaye tukunyar: a wannan ya bi ta gwiwar matar, a waccan ta ƙugu, a ta uku ta ƙirji. A ta huɗu layin ya wuce can bisa kanta, ga karan shinkafa ya taso daga ƙafarta ya huda shi. Irin zanen ya yi a bangon zauren Dela da jar ƙasa da farar ƙasa, babba, don masu ido.

Da aka gasa aka kawo, ya juye kowane iri a tukunyarsa, ya kama hannun Dela ya ɗora. Ta bi matar da yatsa tun daga ƙafa har ka, ta tsaya.

"Wagga wace mai karkataccen ɗaurin kallabi?"

"Wata tsohuwa ce ta ƙi sakina."

"Ɗan nema! Haka nika ɗauri?" Tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Ranar da aka yi ruwan shuka Dela ta aika a kira Namadi. Ba a ɗaki ta tarbe shi ba. Ta sa aka fito da tukwanen ƙofar gida, inda masu wucewa za su ji.

"Namadi, bara ni cuce ka. Idona ya tahi, kunya ta hana ni hwaɗi, ni ba ka irin ƙugu a madadin Bi-ruwa. Ka yahe min."

Namadi ya sunkuyar da kai. "Inna Dela, da kin hwaɗi ai da mun san abin yi. Ya wuce. Amma bana da mi za ki gane?"

"Juya su yadda kaka so."

Ya sassauya tukwanen. Ta miƙa hannu ta shafa ta farko ta wuce, ta shafa ta biyu, ta sami layin ruwa bisa kan matar, ta buɗe ta auna masa mudu biyu. Na ukun ta bari a ciki, don ko ba komai an koyi hankali.

Ruwan wannan shekara ya zo da ƙarfi. Wajen bikin cikar shekara biyu da mulkin kai, fadama ta zama kogi guda, farar shinkafa ta nutse a gonaki da yawa. Dela tana zaune a zaure da la'asar, ba ta da ƙarfin halin tambayar kowa labarin gonar Namadi, sai ta ji sallamarsa. Wannan karon har ciki ya shigo. Ta ji ɗigar ruwa daga rigarsa, da muryoyin mutane a bayansa.

"Inna, kawo hannunki."

Ya sa mata wani abu mai sanyi da santsi a tafi. Saiwa ce, da laka a jikinta. Ta fara ja tana bin karan gaɓa bayan gaɓa. Ta ja kamu guda, ta ja biyu, ta ja biyar, kara bai ƙare ba, yana ta taruwa a cinyarta kamar igiyar guga. Sai can yatsunta suka kai ga ganye, da cikin zangarniya ya kumbura.

"Da jirgi ni shiga ni tumɓuko," in ji Namadi. "Gona duka haka take, kore shar bisa ruwa. Ga masu noman farar nan, sun ce a sa su cikin masu karɓar iri baɗi, sun ga zanen bango, kowa ya san nashi."

Dela ta nisa. Ta yi wa Allah godiya, ta yi wa uwarta addu'a. Sannan ta naɗe karan a hankali, zagaye bisa zagaye, ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai.

"Wa za shi Sakkwato cikin satin ga? A kai ma mijina wanga. A ce shi auna da sandarshi ta boko shi rubuta, don ni na ƙirga kamu bakwai ban yarda da kaina ba. A ce mishi kuma ban da abin da zan biya shi. Yadda ya rufa min asiri, Allah shi rufa mishi."

Mutanen zauren suka amsa da amin. Namadi ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya ce shi zai kai da kansa.